Busasshe Kaɗai

Manu Tela bai taɓa iya zama yana jin mutum biyu suna sa-in-sa ba. Tun yana yaro haka Allah ya yi shi. Da ya ji murya ta tashi a bayan danga, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya nufi wurin, ba don son gulma ba, sai don hankalinsa ba ya kwanciya sai an yi shiru. Mutanen Tungar Namadi, wani ƙauye da ke tsakanin Lafagu da bakin iyakar Benin, sukan ce allurar Manu biyu ce, ɗaya ta riga, ɗaya ta mutane.

Bai san mahaifiyarsa sosai ba. Ta rasu yana rarrafe, yayarsa Batulu ce ta ɗauke shi ta goya, ita ma a lokacin ba ta daɗe da shiga ɗakin miji ba. Adda yake kiranta, har yau da gemunsa ya yi fari. Kuma in an bi diddigi, ba Batulu kaɗai ta raine shi ba, ita da kaɗanya ne.

Yamma da ƙauyen, a hanyar da ke fita zuwa iyaka, akwai wani fili da itatuwan kaɗanya suka cika, ana ce masa Kaɗen Inna. Wanda bai ga wurin nan a da ba zai ɗauka ƙari ake yi. Mutum yakan shiga da rana tsaka ya fita ta ɗaya gefen bai ji rana a ƙeyarsa ba. Ƙasar ta maza ce, suna noma dawa da gero a tsakanin itatuwan, amma abin da ya faɗo daga sama na mata ne. Kowace tsohuwa ta san itatuwan da uwarta ta tsinta, ita ma za ta nuna wa 'yarta. Ba a rubuta wannan ko'ina ba, ba kuma wanda ya taɓa kafa doka cewa gatari ba ya taɓa kaɗanya. Kunya ce ke tsaron wurin, kuma a wancan zamani kunya ta isa.

Batulu ta raɗa wa nata sunaye. Akwai Mai Nono, wadda ƙwararta ta fi kowace mai. Akwai Gwauruwa, da ke tsaye ita kaɗai a bakin hanya. Akwai Tagwaye. Akwai kuma wata karkatacciya a can ƙurya da ta sa wa Marowaciya, don ko shekarar da kowace itaciya ta yi zuba, ita sai ta jefo 'yan ƙwayoyi kamar mai ba da sadaka ba da son ranta ba. Da damina ta faɗi Batulu za ta fita da ƙwarya, ta tsinto, a ci naman 'ya'yan, a dafa ƙwarar, a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, a yi ta bugu da hannu har man ya taso fari. Da man nan aka ciyar da Manu, da shi aka shafe masa ƙuraje, da shi aka kai shi Bagudo koyon ɗinki. Da ya dawo da keken ɗinkinsa na ƙafa ya kafa rumfa a bakin kasuwa, kowace shekara sai ta aiko masa da curi guda a ganye, ya riƙa shafa wa igiyar fatar keken don kada ta tsage.

Ɗinkinsa ba laifi, amma ba shi ya fitar da sunansa ba. Manu yana jin Hausa da Fulatanci da Dendanci, kuma yana da wata baiwa: in mutum biyu suka kafe, sai ya lalubo kalma guda wadda kowannensu zai iya zama a kanta bai ji an kayar da shi ba. An taɓa kawo masa manomi da makiyayi, ɗaya na cewa ɓarna aka yi masa da gangan, ɗaya na cewa burtali ne tun kakanni. Manu ya saurara har suka gaji, sannan ya ce, "To, mu ce shanu sun yi ɓatan hanya." Manomi ya samu an amsa cewa gonarsa ce, makiyayi ya samu an amsa cewa ba mugunta ba ce. Aka tashi ana dariya. Irin wannan ya yi ta ba iyaka, har ya zama in rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa sai a ce a kira tela.

Gawayi ya shigo ƙasar a hankali, kamar yadda ruwa ke shiga ɗaki ta ƙarƙashin ƙofa. Da farko buhu ɗaya biyu ne a bakin titi. Daga baya manyan motoci suka fara tsayawa. Cikin waɗanda suka shiga sana'ar har da Muktar, ɗan wani abokin Manu da ya rasu. Ba mutumin banza ba ne. Shinkafa yake nomawa a fadama, kogi ya cika ya shafe ta, ya sake shukawa ya sake shafewa, ga iyali, sai ya ɗauki gatari. Kirya da marke suka fara ƙarewa a dajin kusa, kowa kuwa ya san bayan su ba itacen da ke ba da gawayi mai nauyi kamar kaɗanya.

A cikin shekarun nan ne wata ƙungiya daga Birnin Kebbi ta taimaka wa ƙauyukan yankin suka kafa taron muhalli. Sau ɗaya ake yinsa a shekara, bayan an gama kaka. Maigari ke shugabanta, kowane ƙauye ya turo wakilai maza da mata, a zaɓi abu guda da za a sa a gaba a shekarar, a tsaya a kansa. An kuma yi sharaɗi tun farko cewa abin da taro ya yanke ba mai taɓa shi sai taro ya sake zama, don kada kowace ranar kasuwa a tayar da magana. Manu ya yaba wa sharaɗin nan ƙwarai.

Wata matashiya ce ke zuwa daga ƙungiyar, Malama Mansura, mai haƙuri da iya bayani. Ita ta fahimtar da su cewa hayaƙin injuna da na ramukan gawayi ba ɓacewa yake yi ba, taruwa yake a sama ya lulluɓe duniya kamar bargo, zafi ya shiga ya kasa fita, shi ya sa damina ta rikice, kogi ke cika ba lokacinsa ba. Itace mai rai yana shanye wannan iska ya ajiye a jikinsa, in an ƙone shi sai ya amayar da ita duka. Shekarar farko suka sa injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana a gaba, aka rage na fetur a fadama. Ta biyu suka sa murhun laka mai cin itace kaɗan. Duka biyun ba wanda ya ɓata wa rai. A ta uku aka zo kan gawayi.

A ajin makarantar firamare aka zauna, da hantsi, manya a kan bencin yara gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa. Batulu ce ta yi magana da yawun mata masu man kaɗanya, ba ta kuwa yi kwana-kwana ba.

"Ranka ya daɗe, mu abu guda munka zo da shi. Kaɗanya da ɗorawa, kada gatari ya taɓa su. Ko ta faɗi da kanta, a bar muna ita mu yi girki. Ba gawayi."

Muktar ya miƙe. "Gwaggo, mu kuma mu ci mi? Hayaƙin sama?"

"Ka ci abin da ubanka ya ci. Shi da gatari anka san shi?"

"Ubana kogi bai cinye mai gona shekara biyu a jere ba. Ku kun samu icce na zubo muku abinci kuna kwance, mu ko an ce mu mutu da tsabta."

"Kwance? Zo in ba ka ƙwara ka buga yini guda, in ga ko hannun nan naka na ɗaukar lauje gobe. Ɗan nema, jiya-jiya nan nike share maka majina."

Aka kwashe da dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Samarin gawayi suka tashi tsaye a bayan Muktar, mata suka fara tafa hannu suna magana gaba ɗaya, wani ya ce in an hana su to kowa ma ya daina shan hayaƙin tuwo. Maigari ya buga sanda a ƙasa bai samu shiru ba. Malama Mansura ta ce a bar kowa ya faɗi nasa ko da za a kai la'asar, ba gaggawa. Amma Manu ya dubi wannan ya dubi wancan. Ga wadda ta goya shi, jijiyar wuyanta ta tashi, ga ɗan amininsa, ido ya yi ja. Ya ji ba zai iya kai la'asar ɗin ba. Ya ɗaga hannu, aji ya lafa, don an saba in tela ya ɗaga hannu an kusa tashi.

"Jama'a, Adda ba ta ce a kashe Muktar da yunwa ba. Muktar ko bai ce a kashe icce mai rai ba. Ko ka ce, Muktar?"

"Ban ce ba, Baba Manu."

"To mi ya rage? Iccen da ya mutu ba ya ba Adda ƙwara, ba ya shan iskar da Malama ta faɗi. Mu ce busasshe kaɗai. Ɗanye haramun, busasshe halal."

Kalmar ta zauna daram kamar hula a kan mai ita. Maigari ya yi murmushi, samari suka koma suka zauna, har Malama Mansura ta ce wannan mataki ne, in ya so baɗi a ƙara. Batulu kaɗai ba ta saki fuska ba. Ta daɗe tana kallon ƙanenta, sannan ta ja mayafi ta ce, "Allah ya sa alheri." Aka shafa fatiha. Manu ya koma rumfarsa yana jin daɗin da yakan ji in ya ɗinke ɓaraka ba a ga zare ba.

Rani ya wuce lafiya. Ba a kama kowa da ɗanyen itace ba, ko reshe. Da rani mata ba su cika shiga Kaɗen Inna ba, ba abin da za su ɗauko.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ƙwara ta fara faɗowa. Wata safiya Manu yana kan keke sai ga Batulu tsaye a bakin rumfa da ƙwarya a hannu, ba komai a ciki. Ba ta yi sallama ba, abin da bai taɓa gani ba.

"Taso ka ga ɗinkinka."

Ya bi ta. Tun daga nesa ya ga ganyen Gwauruwa ya yi fatsi-fatsi a lokacin da ya kamata ya yi shar. Da suka isa, Batulu ta sa ƙafa ta ture ƙasar da aka tara a gindin. A ƙarƙashi, an zagaye itaciyar da gatari, an ɓare ɓawon faɗin tafin hannu, tsaf, har ya haɗe ta baya. An yi shi tun rani, raunin ya riga ya yi baƙi. Suka wuce Mai Nono, haka. Tagwaye, dukansu biyu. Wasu ma ba a wahalar da gatari ba, karan dawa aka tara a gindi lokacin sharar gona aka cinna wuta, kamar kuskure. Ba na Batulu kaɗai ba, duk filin ne. Daga baya Manu ya ji har suna samari suka ba abin: sun ce an ɗaura wa itaciya guru. Wadda aka ɗaura wa guru ba a sare ta ba, ba a karya dokar taro ba. Jira kawai za a yi.

"Ɗanye haramun," in ji Batulu, a hankali. "To ga shi ana musuluntar da su ɗaya bayan ɗaya."

Daga nan gidan Maigari ya nufa. Maigari ya ji, ya yi salati, ya ce abin bai yi daɗi ba. Amma wa aka gani? Ba kowa. Kuma ko an hana gurun daga yau, waɗanda aka riga aka yi wa fa?

"Ranka ya daɗe, a hana saran kaɗanya duka, busasshe da ɗanye. In sun san ba su samu, ba su ƙara yi."

"Manu, abin da taro ya ɗaura, taro ka kwance shi. Kai ka fi kowa yaba wannan. In na kwance yau don kai, gobe wani ya zo in kwance don shi."

"To a kira taro."

"Cikin wanga noma? Wa zai bar gona? Mutanen ƙauyuka nawa za ka tara? Ka yi haƙuri har kaka."

Ya sami Muktar a bakin raminsa, hayaƙi na tsatsowa ta cikin ƙasa. Muktar ya cire hula ya gaishe shi da ladabi, har ya share masa kututture ya zauna.

"Muktar, kai ne?"

"Baba Manu, ka taɓa ganina da ɗanyen icce?"

"Ba shi na tambaye ka ba."

Muktar ya dubi ƙasa. "In ban yi ba wani na yi, kuma motar ba ta tambayar sunan mai buhu. Mu ba mu ƙetare maganarka ba, Baba. Kan ta munka tsaya."

Wannan ce ta fi yi masa ciwo, domin gaskiya ce. A kan maganarsa suka tsaya.

Abin da Manu ya yi bayan haka, waɗanda suka gani ba su manta ba. Ya kwashe ƙyallayen da suka taru a rumfarsa shekara da shekaru, guntayen shadda da atamfa da yadin makaranta, ya kwaɓa laka da kashin shanu, ya shiga Kaɗen Inna. Ya riƙa cike raunin kowace itaciya da laka, ya naɗe da ƙyalle, ya ɗinke bakin da babbar allura. Ya rufe rumfa, masu ɗinkin Sallah suka yi ta zarya suna komawa. Masu wucewa zuwa iyaka suka riƙa tsayawa kallon itatuwa sanye da ɗamara kala-kala, wasu na dariya, wasu na cewa tela ya taɓu. Batulu ta zo sau ɗaya ta tsaya ta gani. Ta ce, "Ɓawo ba riga ba ne, Manu." Amma washegari ta aiko masa da fura.

Itatuwan ba su tashi ba. Wasu sun yi zubar da ba su taɓa yin irinta ba a daminar, kamar masu sallama, sannan ganye ya kaɗe bai dawo ba. Kafin a yanke gero an fara jin gatari a Kaɗen Inna da rana tsaka, ba ɓoyo, don busasshe ne, halal ne. Manu yana rumfarsa ya ga an wuce da Mai Nono a amalanke, gunduwa-gunduwa, da guntun atamfarsa shuɗiya manne a jikin ɗaya.

Marowaciya kaɗai ta tsira a cikin na Batulu. Saboda karkatar da ta yi, mai gatarin bai iya zagayawa ta bayanta da kyau ba, ya bar ɓawo kamar faɗin yatsa biyu. Ta wannan siririyar hanya ta ci gaba da sha.

Da taro ya zagayo, ba a yi gardama ba. Malama Mansura ta bi ta filin kafin ta iso, ta shigo aji idonta ya kaɗa, ta ce ita ma da alhakinta, da ta nace a ƙarasa maganar bara. Aka yanke cewa kaɗanya da ɗorawa ba a sare su, ɗanye ko busasshe, a tsaye ko a kwance, kuma abin da za a sa a gaba a shekarar shi ne tsaron tohon da ke fitowa daga kututture. Daidai abin da Batulu ta nema tun farko. Har samarin gawayi suka ɗaga hannu, don aikinsu ya riga ya matsa gaba, can wajen iyaka. Maigari ya juya ya ce, "Tela, ba ka ce komai ba." Manu ya ce, "An faɗi duka, ranka ya daɗe."

Bai daina ɗinki ba, kuma har yanzu akan kira shi sulhu, sai dai an lura ya rage sauri. Yakan zauna ya bar mutane su yi ta yi, har wani lokaci a tashi ba a shirya ba. Wasu na cewa tsufa ne. Da yamma yakan zaga Kaɗen Inna, inda yanzu rana ke dukan mutum tun daga shiga har fita, ya kakkafa ƙaya a kewayen toho don awaki. Tohon na fitowa, ba laifi. Amma kaɗanya ba ta san gaggawa ba. Yarinyar da aka haifa bana, sai ta yi hankali kafin ta tsinci ƙwarar farko.

Batulu kuwa ba ta bar sana'a ba, sai dai yanzu ƙwarar daga kasuwannin tsallaken iyaka ake kawo mata a bayan babur, ta wasu matan, daga itatuwan da ba ta san sunansu ba. Curin Manu bai fasa zuwa a ganye ba. Ya shafa wa igiyar keke, ta yi laushi kamar kullum, amma shi ya san ƙanshin ba ɗaya ba ne.

Daminar da ta biyo, ya raka ta gindin Marowaciya. Ƙafarta ta fara ciwo, shi ya riƙe ƙwaryar, ita tana tona ciyawa da sanda tana nuna masa. Suka gama zagaye, abin da suka samu bai rufe gindin ƙwaryar ba.

"Halinta dai ba ta sake ba," in ji Batulu. Ta zauna a kan saiwa tana haki.

Ya ajiye ƙwaryar ya ce, "Adda, ki yafe mini."

"Na yafe tun bara. Mi ka yi? Kai dai ba ka son a yi faɗa, tun kana goye." Ta ɗauki ƙwara guda ta murza a tafin hannu. "Amma da ka bar mu munka yi faɗanmu rannan har la'asar, da yanzu rabin garin ga ba su gaishe ni. Sai dai da ina da iccena."

Manu ya buɗe baki. A karo na farko a rayuwarsa ya laluba bai sami kalmar da za su zauna a kanta su biyu ba. Ya durƙusa ya gyara ƙyallen da ke gindin itaciyar, wanda ruwa ya riga ya cinye launinsa, sannan ya ɗauki ƙwaryar, ya miƙa mata hannu ta dafa ta tashi.